Takardar da Na Rubuta wa Yaya Sada

Na san abin da kuka taso kuna ji game da yadda na bar ofishin daji na Dutsin-Ma. Wasu sun ce an kama ni ne ina sayar wa masu gawayi dajin gwamnati, wasu kuma sun ce wani babba na zaga a gaban jama'a. Ban taɓa zama na warware muku ba, domin lokacin da abin yake da zafi kuna ƙanana, da kuka girma kuma ya riga ya huce. Abin da ya tono shi yanzu shi ne aikin makarantar da 'yar'uwarku Amina ta nuna mini na ɗiyarta, inda aka ce ɗalibai su kwatanta abin da gwamnatocin ƙasashe ke yi a kan sauyin yanayi. Na yi dariya, domin wannan aikin mun yi shi tun ba a raɗa wa abin wannan suna ba, lokacin fari kawai muke cewa, kuma shi ne ya ci mini muƙami. To ga yadda aka yi.

Babban farin nan ya same ni ina ƙaramin malamin daji. Mahaifinmu ya riga ya rasu, gidanmu na Barkiya yana hannun yayana Sada, da mahaifiyarmu Inna. A shekarar nan na ga shanun gidanmu sun kwanta ɗaya bayan ɗaya, na ga matan da suka saba ba da sadakar hatsi suna tonon gidan tururuwa. Bayan wasu shekaru, da abubuwa suka ɗan lafa, aka tura ni kwas na wata tara a wata makarantar aikin daji a arewacin Indiya. A can na tarar da 'yan Afirka uku waɗanda duk farin ya taɓa ƙasashensu. Akwai Isufu daga wajen Maraɗi, wanda in ya buɗe baki sai in ji kamar ƙanen Inna ke magana. Akwai Bakari daga Mali, dogon mutum mai yawan shiru, da shi Fulatanci muke yi da ɗan Faransancin da na tsinta. Sai Abdurrahim daga Sudan, wanda kullum yake gyara mini Larabci yana cewa nawa na littafi ne, ba a sayen albasa da shi. Tebur ɗaya muke cin abinci, ni ne tafinta a tsakani, kuma yawancin hirarmu kukan rashin tuwo ne da nama.

Wata rana malaminmu ya ce kowa ya shirya ya faɗa wa aji abin da gwamnatinsa ta yi da fari ya zo. Kafin mu kai aji mun riga mun gwabza a teburinmu. Ni na fara, kuma ba zan ɓoye muku ba, da alfahari na yi magana. Lokacin kuɗin man fetur ne. Na ce mu an kawo hatsi mota-mota, an haƙa rijiyoyi, ana maganar tare ruwa a kusa da garinmu, kuma kowace damina akwai ranar dashen itace da manya ke zuwa da kansu a yi tafi. Bakari ya ce su abincin taimako aka kawo daga ƙasashen waje, wata jar dawa da ba su san ta ba, wanda ke bakin hanyar mota ya samu, wanda ke cikin daji kuma sai ya bar garinsa ya taho bakin hanya, da yawa ba su sake komawa ba. Abdurrahim ya ce gwamnatinsu manyan gonaki ta buɗe da motocin noma, amma a ƙauyen mahaifinsa abin da ya riƙe mutane itacen ƙaro ne, domin kowane itace yana da mai shi, ba a taɓa ɗaukar mai gadi dominsa ba. Isufu ya ce su soja suka karɓi mulki, aka buɗe rumbunan gwamnati, aka shiga dashe kamar mu. Sai ya ajiye cokali ya dube ni.

"Haruna, itatuwan da kunka dasa ana tahi, nawa sunka kai baɗi?"

Na ce awaki ne matsalarmu. Ya ce su ma haka suke rubutawa a rahoto. Sannan ya tambaye ni, a gonar gidanmu gawo nawa ne ƙanana, waɗanda ba su kai tsayin mutum ba. Na zagaya gonar a zuci. Akwai tsofaffi uku da muka taso muka gani. Ƙarami babu ko ɗaya. Isufu ya ce a garinsu ma haka ne, kuma ya san dalili, domin shi ma malamin daji ne. Doka ta ce gawo da ɗorawa da kanya na gwamnati ne ko a gonar wa suka fito, wanda ya sare reshe a kama shi. To wane manomi ne zai rena wa kansa abin da zai jawo masa mai kaki cikin gona? Gara ya kashe shi tun yana tsiro, kafin ya yi girman da hukuma za ta gan shi.

"Ni da kai mun hi awaki ɓarna," in ji shi. "Su ganye suke ci."

Na ji haushin maganar har na kwana biyu ban zauna teburin ba. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ziyarar da aka kai mu wani yanki na Indiya mai rairayi, inda ruwan sama bai kai namu ba. Ina sauka daga mota na ga gero, irin namu sak, sai dai a tsakiyar gonakin itatuwa ne birjik, kamar an shuka hatsin a cikin lambu. Wani tsoho mai jan rawani yana bisa itace da rana tsaka yana datse rassa, raƙuminsa na ƙasa yana ci, ga malamin dajinsu a tsaye kusa da mu suna gaisawa. Na roƙi malaminmu ya tambaye shi wa ya ba shi izini. Tsohon bai gane tambayar ba sai da aka maimaita. Da ya gane ya yi dariya har ya kusa sakin reshe, ya ce a tambaye ni ko a ƙasarmu sai an karɓo takarda ake tatsar saniya. Isufu ya juyo ya kalle ni.

Da na dawo aka ba ni ofishin Dutsin-Ma, har da ƙasar Kurfi a ƙarƙashina, aka kuma gaya mini in na yi shekara biyu lafiya za a ɗauke ni zuwa hedkwata da ƙarin girma. Na iso ana sassabe. Ku da kuka tashi a gari ba ku san nauyin sassabe ba. Kafin ruwa ya sauka manomi yakan bi gonarsa da gatari ya sare duk wani toho da ya fito daga kututture, sabara ce ko kalgo ko magarya, ya tara ya ƙone, har gona ta yi fes kamar tsakar gidan amarya. Da wannan ake auna namiji. Gonar da aka ga ɗan itace a ciki gonar rago ce, har neman aure tana iya ɓata wa mutum. Kuma a Barkiya duka ba wanda ya kai Yaya Sada tsabtar gona. Sai dai shekara uku a jere, da shuka ta tsiro iskar farkon damina ke kwaso rairayi ta yanke ta, sai ya sake shuka sau biyu, wani lokaci sau uku.

Na same shi a gona na ce ya bar tohon. Ba dashe zai yi ba, ba ban ruwa, tunda saiwar tana nan a ƙasa tun zamanin kakanni. A kowane kututture ya zaɓi tsiro biyu masu ƙarfi ya bari, ya share sauran. Ya saurare ni har na gama ba shi labarin tsohon Indiya, sannan ya ce ashe jirgin sama na hau na je koyon lalaci. Da muka koma gida na kai ƙara wurin Inna. Ita ba ta faɗin sunansa, tunda ɗan fari ne, Babba take ce masa. Tana tankaɗe ta ce ita dai lokacin da aka kawo ta gidan nan itacen girki a bayan katanga ake samu, yanzu matan gida sai su wuni a hanya, in akwai mai dabarar da za ta hutar da su a gwada. Sai Yaya ya juyo gare ni.

"To na ji. Amma ran da sunka girma, na wa ne? Nawa ko naku?"

Na ce nasa ne.

"Bakinka ba ya hana ɗan kaki kama ni. Rubuta mani a takarda, ka buga wannan abin naku."

Washegari na kira mai buga mana tafireta, Mista Yohanna, mutumin kudancin jiharmu ta wancan lokacin ne da ya yi shekara ashirin a Dutsin-Ma har Hausarsa ta fi tawa Katsinanci. Na faɗa yana bugawa: duk itacen da Sada na Barkiya ya rena da hannunsa a gonarsa nasa ne, ya datse reshe, ya ɗebi 'ya'ya, ba mai kama shi. Da ya zare takardar bai miƙo mini nan take ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, hatimin nan aro aka ba ka, ba gado ba ne." Na ce na sani. Ban sani ba, a gaskiya. Na ɗauka takarda ɗaya ce a cikin hular mutum ɗaya, wa zai gani.

Shekarar farko Yaya ya sha ba'a. A kasuwar Kurfi ana tambayarsa ko ciwon baya ya kama shi, wani ya ce zai aiko masa da gatari sadaka, wani ya ce a yi hankali da kura in za a wuce gonar Sada. Ya haɗiye, amma ni yake sauke wa in na je. A shekara ta biyu tohon ya wuce kafaɗa. Da iska ta zo, maƙwabta suka sake shuka, shi bai sake ba sai a gefen gabas. Rassan da ya share kuma suka ishi gidan girki wata biyu. Ba wanda ya janye ba'arsa a fili, sai dai na fara ganin mutane a bakin ofis da sassafe, daga Barkiya, daga Rawayau, har daga Makera, kowa ya gaishe ni ya tambayi iyali, sannan a hankali ya ce ko akwai sauran irin takardar Sada. Na ba su. Mista Yohanna yana bugawa yana girgiza kai.

Abin ya fashe ne ranar da wani ma'aikacina ya kama wani mutumin Rawayau a kan gawo yana datsar wa tumakinsa. Mutumin ya sauko ya ciro takarda daga hula. Ma'aikacin ba mugu ba ne, ya rasa yadda zai yi ne, ya tambayi na gaba, na gaba ya tambayi na gabansa, cikin wata guda aka kira ni hedkwata. Shugabanmu tsohon malamina ne, shi ya sa sunana a kwas ɗin Indiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ni ba majalisa ba ne da zan ba da abin da doka ta hana, kuma gobe mai gawayi zai zo da irin wannan takarda ya share daji ya ce shi ya rena. Na kawo masa misalin Sudan, na kawo masa na Indiya, ya ce ya ji, in rubuta shawara a bi da ita ta hanya. Amma yanzu ya ba ni sati biyu in tattaro takardun duka, in rubuta cewa kuskure ne, maganar ƙarin girmana kuma tana nan yadda take.

A nan ne nake so ku san gaskiya, domin ba jarumi ba ne ya hau babur zuwa Barkiya. Karɓar takarda na je yi. Mahaifiyarku Binta ta riga ta ji labarin gidan ma'aikata mai famfo a cikin ɗaki, ta fara ware kayan da za a tafi da su, ku kuma ina so ku yi makarantar birni. Na ce a raina in na hau sama sai in gyara dokar daga can. Na isa da hantsi na tarar da Yaya a gona yana share gindin wani gawo da ya fi kowanne tashi, ya riga ya wuce tsayin mutum da hannu a miƙe. Na yi masa bayani, na tausasa, na ce na ɗan lokaci ne. Bai yi gardama ba. Ya cire hula, ya ciro takardar da gumi ya mai da ja, ya miƙo mini da hannu biyu kamar yadda ake yi wa hukuma. Sannan ya ɗauki gatari, ya tofa wa tafinsa yawu, ya gyara tsayuwa a gaban gawon.

Na ce, "Yaya, me za ka yi?"

"Sassabe. Na makara da shekara biyu."

Na ce ba wanda zai taɓa shi, ina nan.

"Jiya ma kana nan, yau ga takarda hannunka. In na bar shi ya ƙara damina ɗaya ya zama na gwamnati, ni kuma in zama mai gadinta ba albashi. Matsa, kada ya faɗo maka."

Ya ɗaga gatarin. Ba wasa yake yi ba, na san Yaya. Kuma na san ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda na je na karɓi tasa, kafin in kai bakin hanya ya share gonarsa, kuma ba a Barkiya ba, ba a Rawayau ba, ba malamin dajin da zai sake cewa a bar toho a saurare shi, har jikoki. Maganar Isufu ta dawo mini a kan awaki. Na riƙe ƙotar gatarin, na mayar masa da takardar cikin hularsa da hannuna. Ya dube ni ya ce in tabbata, domin shi ba ya son magana biyu. Na ce na tabbata. Sai ya sunkuya ya ci gaba da share gindin kamar ba abin da ya faru. Da muka koma gida Inna ta ga fuskata ba ta tambaye ni komai ba, ta dama mini fura ta ce in sha, duk abin da ya tafi dama ba rabona ba ne.

Na rubuta wa shugabanmu cewa ban karɓo ko ɗaya ba, kuma laifin nawa ne ni kaɗai, Mista Yohanna umarni ya bi. Ba a kore ni ba. An karɓi hatimi, aka mai da ni gandun renon dashe a wajen Makera, ina lura da masu cika leda da ƙasa. Wanda yake ƙarƙashina ya hau kujerata, daga baya ya hau wadda aka yi mini alkawari. Binta ta kwance kayan da ta ɗaure. Shekara goma sha ɗaya ta ƙara tana jan guga, kuma in ta gaji takan ce a kira mata mai itatuwa ya zo ya ja. Ta yi gaskiya, ita ta biya rabin abin da na yanke ban shawarce ta ba, na kuwa nemi gafararta tun tana da rai. Shugabanmu ma bai yi ƙarya ba. Wani daga cikin waɗanda na ba takarda ya fake da ita ya sare tsofaffin itatuwan da bai rena ba ya sayar wa masu gawayi, daga nan ne maganar da kuke ji ta samo asali. Mutum ɗaya ne, amma ni na ba shi.

Takardun kuwa, tunda aka ɗauke ni ba su da wani ƙarfi a doka. Sai dai ma'aikatan daji 'ya'yan ƙasar ne, ba wanda yake son ya zama shi ne ya yaga takarda a hannun dattijo. Suka riƙa kau da kai, itatuwa suka ci gaba da girma. Da fari ya sake dawowa bayan wasu shekaru, gero ya ƙone a gonar Yaya kamar ta kowa, domin itace ba ya kawo ruwa, kada wani ya gaya muku haka. Amma 'ya'yan gawo da na kalgo suka riƙe masa shanun noma biyu da awakin gida, aka ci magarya da aduwa, aka sayar da itacen girki aka sayi dawa. Rabin mazan Barkiya sun tafi kudu a shekarar. Yaya bai tafi ba, kuma da ruwa ya dawo yana da abin da zai ja masa garma.

Daga baya na bar aikin gwamnati da kaina, na bi masu aikin itatuwa zuwa Nijar da Chadi da Mali, har na je Sudan na sha shayi a gidan Abdurrahim, ya ce Larabcina ya fara iya sayen albasa. Bakari ban sake ganinsa ba. Isufu kuwa na same shi a Maraɗi ya yi furfura, shi ma an daɗe da ajiye shi a wani lungu saboda bakinsa. Na ba shi labarin gatarin Yaya, ya ce in gaishe shi, ya fi mu duka karatu. A duk inda na zaga na ga gwamnati mai kuɗi da marar kuɗi, mai kaki da mai babbar riga, kowace ta iya dasa itace. Wadda ta yarda ta ce wa manomi naka ne, ita ce ban cika gani ba.

Yaya ya tsufa yana gaya wa baƙi cewa dabarar tasa ce, ƙanensa ɗan boko takarda kawai ya rubuta. Ban taɓa musa masa ba, domin in an duba shi ya sha ba'ar kasuwa, shi ya riƙe gatari. Da ya rasu aka sami takardar a cikin gafakarsa, ninkin ya cinye rabin rubutun, hatimin ya koɗe ba a gane shi. Tana cikin akwatina, kowa ya so ya gani. Muƙamin da na rasa ban san me zai zama ba yau, masu shi duk sun yi ritaya kamar ni, muna haɗuwa a layin asibiti muna gaisawa. Gawon da na riƙe wa gatari kuwa mutum biyu ba sa rungume shi yanzu. In wani ya sake ce muku ubanku ya sayar da dajin gwamnati, kada ku yi masa gardama. Ku ɗauke shi zuwa Barkiya da rana tsaka, ku shimfiɗa masa tabarma a gindinsa, ku bari sai ya huta.